Shirin Zaune Ya Fi Na Tsaye

Hausawa sun ce shirin zaune ya fi na tsaye. Fatake suka fi kowa sanin nauyin wannan magana, domin a zamanin da ba a ɗaura niyyar doguwar tafiya sai damina ta ɗauke, an kai amfanin gona rumbu, rafuka sun janye. Watau hunturu shi ne lokacin tafiya a ƙasar Hausa tun kaka da kakanni. A cikinsa ne ayarin Buzaye yakan gangaro da gishirin Bilma da dabino zuwa Damagaram da Kano, a cikinsa ne kuma 'yan cin rani sukan ɗaure 'yan komatsansu su nufi birane. Kafin madugu ya ce a tashi, sai an duba bayan kowane jaki ko da gyambo, an ɗinke mangala, an gwada salka ko tana yoyo. Yau mota ta karɓi aikin jaki da raƙumi, amma hunturu bai sake hali ba. Ƙurarsa tana nan, hazonsa yana nan, jaurarsa kuma ba ta san sabo ba.

Abin da nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu a wannan fitowa shi ne labarin yadda muka shirya wata tsohuwar mota a garinmu Ruwan Godiya, cikin Ƙaramar Hukumar Faskari ta Jihar Katsina, don zuwa Agadas ta Jamhuriyar Nijar a watan Disamba na 1922 da ɗari, watau 2022.

Dalilin tafiyar shi ne kakata, mahaifiyar mahaifiyata. Tana da ƙanwa ɗaya tak da ta rage mata a duniya, wadda aure ya kai Agadas tun suna da ƙuruciya, rabonsu da ganin juna kuwa ya fi shekara 30. Suna gaisawa ta waya, amma tsohuwa ta ce ita murya ba ta ishe ta ba, zumunci a ƙafa yake. To, mace mai shekara wajen 80, mai ciwon gwiwa da tarin da yakan tashi da sanyi, ba a cusa ta cikin motar haya a ce ta zauna a takure tafiyar da ta ɗara kilomita 1,000. Tana bukatar inda za ta miƙe, da tsayawa duk sa'ad da ta so, da ruwan ɗumi na alwala. Nan ne fa Kawu, wan mahaifiyata, ya tuna da Kunkuru.

Kunkuru sunan da yaran garinmu suka laƙaba wa wata bas ce ƙirar Volkswagen Kombi ta 1976, saboda ba ta da sauri, ga shi kuma tana yawo da ɗakinta. A cikinta akwai kujerar baya mai miƙewa ta zama gado, da ƙaramin kabad, da teburi mai naɗewa. Irin waɗannan motoci ba baƙi ba ne a wannan yanki namu. A shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa sukan ɗauko su, tare da Peugeot 504, su ƙetare hamada ta Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset da Arlit su sauka Agadas, in yawo ya ishe su sai su sayar su hau jirgi su koma gida. Ta wannan hanya ce tamu ta shigo, kakana ya saye ta a Maraɗi, ya yi shekaru yana bin kasuwanni da ita, yana kwana a ciki. Bayan rasuwarsa Kawu ya ɗan mora, sa'an nan aka jingine ta a gindin wata bishiyar dalbejiya shekara 4, har kaji suka mai da ƙarƙashinta akurki.

Malamanmu za su tuna da yajin aikin jami'o'i na 2022, wanda ya kama daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wannan zaman gida shi ya ba ni damar zama yaron bakanike. Muka ja motar zuwa Funtuwa, wajen wani dattijon bakanike wanda ya koyi aiki tun lokacin da ake harhaɗa motocin wannan kamfani a Legas, aikin da aka fara a 1975. Da ya zagaya ta, ya ɗaga murfin inji a baya, sai ya dube ni ya ce, "Ɗan jami'a, ina lagireton motar nan?" Na leƙa ko'ina ban gani ba. Ya yi dariya ya ce, "Ba za ka gani ba, don babu. Wannan ba ta shan ruwa, iska take sha. Ka riƙe wannan, shi ne karatun farko: duk abin da ya hana ta iska ya kashe ta."

A kan wannan magana aka gina dukan aikin, domin babban abokin gaban irin wannan inji a hunturu ƙura ce. Wata fanka ce a saman injin take hura iska ta bi ta jikin silinda huɗu ta sanyaya su. Injin a baya yake, daidai inda tayoyi ke tayar da ƙasa. Saboda haka akwai farantan ƙarfe da wata doguwar roba da suka kewaye shi, don su raba iskar sama mai sanyi da ta ƙasa mai zafi da ƙura. A motarmu robar ta bushe ta farfashe, farantai biyu kuma wani ya taɓa cirewa bai mayar ba, yana ganin ado ne kawai. Dattijon ya ƙi taɓa komai sai da aka samo su. Aka aika Ƙofar Ruwa a Kano aka samo robar, farantan kuwa aka ƙera su a Panteka ta Kaduna. Kayan gyaran wannan mota ba su ɓace ƙwarai ba, domin sai a watan Disamba na 2013 aka daina ƙera irinta a Barazil.

Daga nan aka yi wa injin garambawul, aka sake zobban fistin, aka wasa bawul. Ya koya mini saita bawul da hannuna, inji yana sanyi, a bar tazarar milimita 0.15, ya sa na maimaita har sau 5. Ya nuna mini matatar iska, wadda ba ta takarda ba ce irin ta motocin yanzu. Wani kwano ne da baƙin mai a ciki, iska ta bi ta kansa, ƙura ta maƙale ta kwanta a gindi. A gari akan daɗe ba a duba shi ba, amma a hanyar Tanut, in ji shi, kullum da yamma a sauke a wanke a sa sabon mai. Injin kansa lita biyu da rabi kawai yake ɗauka na baƙin mai, ba shi kuma da matata sai wata 'yar raga, don haka muka yi juye kafin tashi, muka tanadi man wani juyen a can.

Sai fambel. A wannan mota igiyar nan guda ita ke juya dinamo, fankar sanyaya inji kuma a jikin dinamon take. In ta tsinke, jar fitila za ta kama a gaban direba, wanda ya ce bari ya ƙarasa gari na gaba kuwa, cikin 'yan mintoci zai dafa injinsa. Muka sa sabuwa, muka ajiye biyu a ƙarƙashin kujera. Haka kuma muka sake dukan robobin fetur, tun daga tanki har kafireta, ko da yake a ido lafiyarsu lau. Dattijon ya lanƙwasa ɗaya a gabana, sai ga tsaga kamar faso a diddigen manomi. Ya ce yawancin irin motar nan da suka ƙone ba karo suka yi ba, ɗigon fetur ne a kan inji mai zafi. Muka wanke tankin da ya yi tsatsa, muka sayi tukunyar kashe gobara muka ɗaure ta kusa da ƙafar direba, ba can ƙarƙashin kaya ba.

Taya ma tana da nata karatun. Tayoyin Kunkuru ba su suɗe ba, har Kawu ya so a bar su saboda tsada. Amma taya ba da tafiya kaɗai take tsufa ba, rana da zama suna cinye ta. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi ta. Namu sun nuna sun haura shekara 10. Kawu ya sayar da buhunan masara muka sayi huɗu sababbi, muka zaɓi biyu masu dama-dama cikin na hannu don safaya. Aka sake man birki da robobinsa, aka sa sabon batir, domin batir mai rauni da asubar hunturu yake tona asirin kansa. Game da fitilu kuwa, ya gargaɗe ni kada in kunna doguwar fitila cikin hazo, don haskenta a kan ƙura yake bugawa ya dawo wa direba ido. Gajerar ita ce ta hazo, tare da rage gudu.

Da aka gama da ƙarfe muka dawo da motar gida, sai aikin ya koma hannun mata. Aka sa sabuwar katifa a gadon, aka ɗinka labule masu kauri, aka shimfiɗa tabarma biyu da gwado a daɓen motar, tun da ta ƙasa sanyi ya fi shiga. Aka toshe ramukan tsatsa da robobin ƙofa don ƙura saboda tarin tsohuwa. Aka haɗa guzuri irin wanda ba ya lalacewa: dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kunu, tsamiya, sukari da ganyen shayi, da man kaɗe don leɓe da ƙafa, da jarka biyu ta ruwan sha, da magungunanta na wata guda.

A nan ne aka yi gardamar da ta fi kowace zafi, ita ce kuma ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kakata ta ce a ware wa kaskonta wuri. Tun tana amarya ba ta kwana da hunturu sai da garwashi kusa da gado. Na ce ba zai yiwu ba. Ta dube ni ta ce, "Kai maigida, shekara nawa ina kwana da kasko kafin a haifi uwarka? Yau kai za ka koya mini sanyi?" Na ce, "Uwargida, ɗakinki asabari ne a ƙofa, iska tana kai da kawowa. Mota kuwa gwangwani ce, ga shi mu da kanmu mun toshe duk wata kafa." Ta ce in bokon nan bai koya mini komai ba sai hana tsofaffi jin ɗumi, to, a mai da wa gwamnati kuɗinta.

Wasa ne tsakanin jika da kaka, amma maganar ba ta wasa ba ce. Gawayi in yana ci a rufaffen wuri yakan fitar da wata iskar guba da masana kimiyya ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ta kuma fi iskar da muke rayuwa da ita kama jini fiye da sau 200. Mai barci ba ya jin komai, sai dai barcin ya yi ta nauyi har ya zarce. Wanda ke farke yakan ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ɗauka gajiya ce. Ita ce dai ke fita daga salansar mota da ta janareta. Wannan ne ma ya sa dattijon Funtuwa ya toshe hanyar ɗumama cikin motar ɗungurungum. A Kombi, iskar ɗumi ta jikin bututun salansa take bi kafin ta shigo ciki, namu bututun kuwa tsatsa ta huda su. Ya ce gara sanyi da ɗumin da ba a tashi daga barcinsa.

Kawu ne ya raba gardamar. Ya durƙusa ya ce, "Inna, ki ba mu dare ɗaya. In kin ji sanyi, ni da kaina zan ɗauko miki kaskon, a fasa tafiyar a mota." A daren nan muka yi gwaji a ƙofar gida. Aka tafasa ruwa a waje, aka bar shi ya ɗan huce, aka cika goruna biyu masu kauri, aka naɗe su da zane, ɗaya a ƙafafunta ɗaya a bayanta. Aka sa mata safa da hular sanyi, aka rufa mata bargo biyu, aka bar taga ɗaya a buɗe faɗin yatsa biyu. Da asuba na zo gaishe ta na tarar ta ture bargo ɗaya. Ba ta ce mun yi gaskiya ba, tsofaffi ba su faɗin haka. Abin da ta ce kawai shi ne a ƙara gora ta uku. Muka kafa doka uku: ba a dafa komai a cikin mota, risho da gawayi a waje, ba a barin inji yana aiki ana barci, ba a rufe tagogi duka.

Saura hanya. Duk wanda ya san Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara a waɗannan shekaru ya san zaɓen hanya ba maganar kusa ko nesa ba ce. A Disamban 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Sheme zuwa Ƙanƙara, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma datse layukan waya a ƙananan hukumominmu na wani lokaci. Motar da ba ta wuce kilomita 80 a awa ba ta tsere wa kowa, lalacewa a daji kuwa ba ɓata lokaci kaɗai ba ce. Saboda haka muka bar gajerar hanya ta Ƙanƙara da Dutsin-Ma, muka zaɓi zagaye ta Funtuwa da Malumfashi da Kankiya zuwa Katsina. Muka yanke ba tashi sai rana ta fito motoci sun fara wucewa, ba kuma tafiya bayan la'asar. Jarkokin fetur muka ɗauke su wayam, don kada su jawo mana tambaya a shingayen jami'an tsaro, da niyyar cika su a Damagaram. Tankin motar kusan lita 60 ne, tana shan wajen lita 12 a kilomita 100, tsakanin Damagaram da Agadas kuwa akwai kimanin kilomita 450, mai lissafi ya ga ba rarar kirki.

Takardu su ma sun ci mako uku. Iyakar Jibiya, wadda aka rufe a 2019, an buɗe ta a watan Afrilu na 2022. A lokacin Nijar tana cikin ECOWAS, ɗan ƙasashen ƙungiyar yana shiga ba biza har kwana 90. Duk da haka sai da muka tanadi fasfo, da katin rigakafin shawara, da inshorar mota ta ƙetare iyaka, muka sabunta takardun motar da ke ɗauke da sunan marigayi, muka canza kuɗi zuwa sefa. Kafin ranar tashi muka loda kayan duka muka je Zariya muka dawo, don in akwai abin da zai saki ya saki kusa da gida. Wayar totur ce ta nuna alamar gajiya, aka sake ta, aka ƙara ɗaya cikin akwatin sufanu tare da fulogi da kwandansa.

Tafiyar kanta ba ta da dogon labari, wannan kuwa shi ne ladan shiri. Kwana 5 muka yi: Katsina, Maraɗi, Damagaram, Tanut, sa'an nan Agadas. Sannu ba ta hana zuwa. Kullum da yamma in sauke matatar iska in tarar da laka a gindin kwanon kamar an dama kunu. Da dare sanyin arewacin Damagaram yakan sauka kusan digiri 10, ga iska, amma tsohuwa da gorunanta uku ba ta yi tari ba. Bayan mun wuce Tanut da kamar awa biyu, inda ba gida gaba ba gida baya, jar fitilar nan ta kama. Kawu ya kashe mota nan take. Fambel ce ta tsinke, ko da yake sabuwa ce. Cikin minti 20 na ɗaura wata, Kawu yana riƙe mini sufana, kakata kuwa tana leƙe ta taga tana cewa ashe maigidan nata ya iya wani abu ban da surutu.

Ranar ta biyar da azahar muka hango hasumiyar masallacin Agadas, ginin ƙasa mai tsawon mita 27. Ba zan iya kwatanta haɗuwar tsofaffin nan biyu ba. Sun riƙe hannun juna sun daɗe ba wadda ta yi magana, sa'an nan ƙanwar ta ce, "Yaya, kin tsufa." Kakata ta ce, "Ke kuma fa?" Muka yi kwana 6 muka juyo, Kunkuru ta dawo da mu Ruwan Godiya lafiya.

Wata 7 bayan haka, ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka karɓi mulki a Nijar. Aka rufe iyaka a watan Agusta, Nijeriya ba ta buɗe nata ɓangaren ba sai Maris na 2024, a Janairun 2025 kuma Nijar ta fice daga ECOWAS. A cikin watannin rufewar ne Allah ya yi wa ƙanwar kakata rasuwa. Ba wanda ya iya zuwa daga gidanmu, ta waya aka yi ta'aziyya. Lokacin da muke shiri, mutanen kirki da yawa sun ba Kawu shawara a bari sai baɗi, a tara kuɗi a sayi mota mai lafiya, hanya ma ta ƙara kyau. Shawara ce mai kama da hankali, amma da an bi ta da ba a gana ba.

Saboda haka, ya kai mai karatu, karin maganar nan baki biyu gare ta. Shirin zaune ya fi na tsaye, gaskiya ne, amma ba a ce zama ya fi tafiya ba. Mai shiri ranar tashi yake sa wa, ya bi abin hawansa gaɓa-gaɓa, ya koyi gyaran abin da zai iya gyarawa da hannunsa, ya gwada kusa da gida, sa'an nan ya tashi da abin da Allah ya hore masa. Tsohuwar mota ba ta ɓoye ciwonta ga wanda ya durƙusa ya duba. Ga 'yan'uwana ɗalibai kuma, ko ba ku da mota, ku ɗauki maganar kasko ku kai gida wannan hutun, ku kuma tuna da ita a ɗakunanku na kwana in jaura ta busa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya kai matafiya masaukinsu lafiya, ya dawo wa ƙasarmu da zaman lafiyar da za a bi gajerar hanya ba fargaba. Amin.